Rasuwar Shiru, Bakan Gidan Sarkin Baka Buraima

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Salissou ɗan Sarkin Baka Buraima, mazaunin Gubaira a birnin Riyad, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar bakan gidansu, wanda aka fi sani da Shiru. Ya rasu ranar Talatar da aka tafka ruwan nan, tsakanin la'asar da magariba, bayan gajeruwar jinya wadda mai jinyar ne ya jawo ta da hannunsa.

An haifi marigayin a dajin Garin Gao, ƙasar Damagaram, daga reshen dargaza. Kakan Salissou ne ya saro shi, ya gasa shi kaɗan-kaɗan har ya lanƙwasa, ya ɗaura masa tsarkiya ta fatar barewa. Shi da Sarkin Baka Buraima kusan tare suka tashi. Ya ciyar da gida a shekarun fari, bai taɓa neman mai ko caji ba. Mai kawaici ne ƙwarai. Ba ya magana sai an taɓa shi, in an taɓa shi kuma kalma ɗaya gare shi: dum.

Lokacin da Salissou zai taho Saudiyya neman abinci, tsohon, wanda idanunsa sun riga sun tafi, ya sa aka sauko da bakan daga rataye ya damƙa masa. Bai ce kyauta ba ce. Amana ya ce, a mayar masa da ita hannu da hannu. Haka marigayin ya shigo ƙasar a naɗe cikin tabarma da sunan sanda, tsarkiyarsa a aljihun wando, ya kuma yi zamansa har ƙarshen rayuwa ba tare da iƙama ba, wato takardar izinin zama. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, Delou ƙanwar Salissou takan kira, ta kara wa tsohon waya a kunne. Kafin ya tambayi lafiyar kowa yakan ce a ba shi Shiru. Salissou ya matso da waya, ya ja tsarkiya ya saki. Dum. Tsohon ya ce madalla, sannan a shiga gaisuwa.

Tsofaffin matan Garin Gao suna cewa bakan Sarkin Baka ba ya tafiya shi kaɗai, in ya karye mai shi na tafe a baya. Salissou mai salla ne, ya sha cewa wannan camfi ne. Amma duk lokacin da ya faɗi haka, bakan na nan lafiya lau a jikin bango.

Ga yadda ciwon ajali ya samo asali. Aikin Salissou shi ne kai abincin dabbobi gonar kafilinsa, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, a bayan gari, inda ake kiwon wasu bareyin ƙasashen waje masu ƙaho reshe-reshe. Babban namijin cikinsu ya fitini kowa, har ya farke wa wani ma'aikaci cinya. Kafili ya yanke shawarar a kawar da shi, amma ban da bindiga, don ƙararta kan sa sauran su yi ta karo da wayar shinge suna karya wuya. Salissou kuwa ya taɓa cika baki cewa shi jikan maharba ne. Bakin nan ne ya ja masa.

Ranar da aka sa, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, a ƙasar da sai a yi watanni ba a ga ɗigo ba. Yana shiga shingen ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Tsarkiyar fata ta sha ruwa ta saki. Maharbin Garin Gao ba ya ɗana baka cikin ruwa, sauke tsarkiya yake yi ya cusa ta cikin hula ya jira. Salissou ya san haka sarai. To amma kafili da baƙinsa suna cikin mota sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, shi kuma bai ga fuskar da zai koma musu da ita ba. Kibiyar farko ta faɗi cikin taɓo a gabansa. Dabbar ta ɗago kai ta dube shi. Ya ruga bayan tankin ruwa, ya kwance tsarkiyar, ya murɗe ta, ya ƙara murɗewa har ta yi tsauri, ya mayar. Ko da ya leƙo, ga ƙaho nan tafe a sunkuye, tsawa na faɗuwa, ƙafarsa na zamewa. Ya yi bisimilla da muryar da ba tasa ba, ya saki. Marigayin ya ce dum. Barewa ta zube kusa da shi har ƙahonta ya taɓa takalminsa, ya kai mata wuƙa. Wannan shi ne aikin ƙarshe na Shiru a duniya, kuma bai ba da kunya ba.

A hanyar dawowa tituna sun zama rafi, 'yan sanda a kowace mararraba suna juya motoci. Ga mutum da jini a riga, ga baka da kibau a ƙarƙashin kujera. Duk fitilar da ta walƙa sai ya ɗauka shi za a tare. Ya iso ɗaki haƙoransa na haɗuwa.

Abin da ake yi wa jiƙaƙƙen baka ba ɓoyayye ba ne. A sauke tsarkiya, a goge itacen da tsumma, a shafa masa man kaɗe, a rataye shi a inuwa inda hayaƙin murhu ke bi, a ƙyale shi ya bushe a hankali. Sai dai ɗakin haya a Gubaira ba shi da murhu. Abin da yake da shi daffaya ce, na'urar ɗumama ɗaki mai jan wuta. Salissou ya cusa jarida cikin takalma, ya matse riga, ya kife kwari, ya jera kibau a kan katifa. Da ya zo kan tsarkiya, yatsunsa suka kasa kwance ƙullin don sanyi. Sai ya rataye bakan a ƙusa, a saman daffaya, da niyyar ya ɗan ɗumama hannu tukuna. Nafiou, abokin zamansa, ya miƙo masa shayi. Ita kuwa fata in ta ji zafi tsukewa take yi, ga shi an riga an murɗe ta fiye da kima. Marigayin ya yi nishi, ƙis, ya sake, ƙis. Nafiou ya ce daffaya ce, haka take yi. Sai ƙas, bakan ya rabu biyu.

Ya rasu ya bar kwari guda, da kibau marayu, da tsarkiya wadda ko ƙwarzane ba ta yi ba, tana takaba a jikin ƙusa. Ya bar takalma da suka bushe lafiya ƙalau. Daffaya na nan, ba ta nuna nadama ba.

Tun daga ranar Salissou ya zama abin tausayi. Ko wayar maƙwabci ce ta yi ƙara sai ya zabura, don ya ɗauka Delou ce da labarin da matan Garin Gao suka faɗa. Nafiou ya kawo shawarar a ɗaure tsarkiyar a ƙarfen gado, ranar Juma'a a kaɗa wa tsoho. Suka gwada, ta ce tiyin. Salissou ya ce mahaifinsa makaho ne, ba kurma ba.

Juma'a ta zo, waya ta yi ƙara.

"Ba ni Shiru," in ji tsohon.

"Baba, Shiru ya karye. A hannuna ya karye."

Salissou yana jin kukan akuya daga can tsakar gidansu, amma ba ya jin numfashin mahaifinsa. Ya ce, "Delou, don Allah duba shi." Sai tsohon ya yi tari. Bai yi faɗa ba, bai tambayi yadda aka yi ba. A hankali ya ce, "To, yanzu me zai dawo mini da kai?"

An yi wa gawar sutura da haramin da Salissou ya yi umara da shi, tana ajiye a ƙarƙashin gado. Bisa umarnin Sarkin Baka, ba za a aika ta da kowa ba. Salissou ne zai kai ta Garin Gao da kansa, a binne ta bayan ɗakin tsohon. Ba a tsayar da rana ba, sai kafili ya amince da bizar fita da dawowa. Ya ce bayan azumi in sha Allahu, bara ma haka ya ce. Delou ta aiko cewa tun Juma'ar nan tsohon ba ya cin abin kirki.

Ana karɓar gaisuwa a ɗakin da ke Gubaira. Mai zuwa ya zo da ƙafarsa, kada a kira waya, an bar layin saboda Delou. Masu addu'a kuma kada su ɓata ta a kan itace. A roƙa wa Salissou ya tarar da mai karɓar gawar a zaune.