Yadda Za Ka Yi Noman Surukai Ba Tare Da Ka Taɓa Garma Ba

Kai malamin makaranta mai taushin hannu, an ce ka zo gayya gonar surukai kafin a ba ka mata? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka koma gida da farar rigarka fes. Malam Silvanus, tican firamare a Kafanchan, ya gwada su a Fadan Kaje a daminar 1976, lokacin da yake neman Afiniki 'yar Baba Kumai.

1. Nemi malami

Ga shi nan kan reshe: ɗan tsuntsun nan mai launin toka da ke cafke ƙwari a iska. Ba ya tono, ba ya kiwo. Ya zauna, ya yi fir, ya kama ƙuda, ya dawo reshensa. Silvanus ya yi mako guda yana kallonsa ta tagar aji, yara na ta haddar lissafin sau biyu.

2. Zaɓi reshenka

Inuwar ɗorawa ta fi, inda kowa zai gan ka. Miƙe ƙirji, juya kai hagu da dama. Mai juya kai ba a ce masa rago, sai dai a ce yana lura.

3. Yi fir, ka dawo

Da samari sun jeru kowa ya kama kunyarsa, tashi da gudu. Miƙa wa wannan ruwa. Duba ƙotar garmar wancan ka girgiza kai. Kore akuya, ko da babu ruwanta da gonar. Sau goma sha ɗaya Silvanus ya yi haka kafin rana ta take, har Kambai, abokinsa da ya rako shi, ya nome kunya biyu, tasa da wadda aka bar wa Malam.

4. Kada ka bi tsuntsun har gida

Nan Silvanus ya tsaya da karatu, kai ma tsaya. Da ya bi shi, da ya ga ƙudan nan ba shi kaɗai yake ci ba, yana kai wa matarsa da ke kwance kan ƙwai. Irin wannan ilimi ɓata tsari yake yi.

5. Shirya wa kunu

A gidan Baba Kumai, yarinya kan kai ƙwaryar kunun acca bakin kunyar mai nemanta, ya sha a gaban jama'a. Afiniki ta fito da ƙwarya, ta bi gona tana dubawa.

"Baba, wanne ne kunya na Malam?"

Tsohon ya nuna da haɓa. "Ga shi can, 'yata. Wanda ya yi shi yana tsaye a bakin shi."

Ta dubi inuwar ɗorawa inda Silvanus yake, ta daɗe tana duba. Ni da nake wurin, na ji tausayinta ƙwarai, don tana son mutumin nan. Sannan ta wuce ta durƙusa gaban Kambai.

Gargaɗi

Na yi alkawarin farar riga, na kuma cika. Da ita Silvanus ya yi karatun Littafi a coci ranar auren Afiniki da Kambai, kowa ya yaba muryarsa. Abin da ya wuce riga, ba da ni aka yi ba, ka je ka tambayi tsuntsu.