Lamba Tara Ba Ta Yoyo

Yau da safe na fita karɓo takardar izinin sayar da gidana, na dawo da takardar bashi. Gwiwoyin matata Sunanda sun gaji da hawa bene, mun samu mai saye, Jumma'a zai zo da kuɗinsa. Abin da ya rage kawai hatimin kwamitin rukunin gidajenmu na nan Pune.

Mai Girma Sakatare, uban hatimi, ya ɗago kai da ƙyar. "Wagle-saheb, gidanka a ɗaure yake. Rupi dubu casa'in na gyaran rufi. Ba biya, ba sayarwa."

"Wane gyara, ranka ya daɗe? Tun farkon damina a ƙarƙashin lema nake cin abinci!"

"Littafin kwamiti ya ce an gyara gida mai lamba tara. Lamba tara ba ta yoyo."

Kun ji aiki, jama'a! Ni ina jiƙewa, littafi a bushe, kuma wane ni in ja da littafi?

Sai na tuna. Bara maƙwabcina Bapat ya zo min kamar zai yi kuka, wai mai duba masa taurari ya ce lambar gidansa, takwas, ita ce ta toshe masa arziki, in ya rabu da ita zai ga buɗi. Ya roƙe ni mu musanya allunan ƙofa. Ni da ban ɗauki taurari a bakin komai ba, na karɓi kwalin alewar madara, na miƙa masa allona mai lamba tara. Masu shafa wa rufi kwalta suka zo suka bi allo, suka shafe rufin Bapat tsaf. Kwamiti ya bi littafi, ya shafa min bashin.

Na yi bayani dalla-dalla. Mai Girma ya jinjina kai, ya yaba da gaskiyata, ya ci ni tarar dubu biyu saboda sauya allo ba izini. Ƙorafi kuwa sai babban taro, bayan bikin Diwali, nan da watanni. Mai sayena ba zai jira ba.

Na iske Bapat a busasshen falonsa yana kurɓar shayi.

"Haba Bapat, ka biya mana, ai rufinka ne!"

"Ɗan'uwa, ni na kira su? Rabo ne. Na gaya maka mai duban nan ya san aikinsa." Ya rage murya. "In mai sayen ya gudu, zan rufa maka asiri in saya. Amma fa sai ka sauko sosai. Gida ga yoyo, ga bashi, ga shi kuma lamba takwas."

Raina ya ɓaci matuƙa, har yanzu ban san bakin da zan gaya wa Sunanda ba. Wanda ya san inda mai duban nan yake zama ya yi min kwatance. A duk unguwar nan, shi kaɗai ya yi alkawari ya cika.