Yadda Ake Goya wa Ɗan Gida Baya a Sansanin Ƙwallon Amurka

Kai da aka gayyaci ɗan garinku sansanin atisayen ƙwallon Amurka, kake zaune kana tunanin me ya rage a wuyanka, kwantar da hankalinka, ka zo wurin masani. Matakan nan gwadaddu ne. Mu Hausawan birnin Greensboro na Amurka mun bi su ɗaya bayan ɗaya a kan Garzali a shekarar 1983, kuma babu wanda bai yi aiki ba. Idan ka bi su yadda na jera, na lamunce maka kafin a fara kakar wasa babu mahalukin da zai sake tambaya ko yaronku yana da mutane.

Mataki na 1: Fahimci wasan, amma kada ka zurfafa

Ƙwallon tana da siffar gwanda. Suna kiran wasan ƙwallon ƙafa, amma da hannu ake ɗaukarta a ruga, ƙarti su bi mutum su danne. Mutum ɗaya ake ajiyewa musamman domin ya doka ta da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen sanduna biyu, shi ne mai bugu. Iyakar abin da kake bukata ke nan. Wanda ya san fiye da haka yakan fara shakka, shakka kuwa ba ta dace da magoyin baya ba.

A tsakiyar zafin Yuli kowace ƙungiya takan kwashe 'yan wasanta ta kai su wata ƙaramar kwaleji, a gasa su safe da yamma, ana tankaɗe su kaɗan-kaɗan. Gurbin mai bugu ɗaya ne tak. A sansanin da aka kira Garzali su biyu ne, shi da wani Bature mai ɗan tumbi da ya daɗe riƙe da aikin. Kafin ƙarshen Agusta ɗaya zai zauna, ɗaya ya kama hanyar gida.

Garzali ɗan Funtuwa ne, karatun aikin gona ya kawo shi. Shekaru ya yi yana fita da sassafe bayan gidajen hayarmu na titin High Point, ya buga ƙwallo tsakanin itatuwa biyu, ya je ya ɗauko abarsa, ya dawo ya sake. Yana son gurbin nan kamar ransa. Kada wannan ya dame ka, kai ma ai kana so.

Mataki na 2: Yi walima tun bai tafi ba

Kada ka jira sakamako. Masu jiran sakamako su ne suke rasa nama.

Ka je wata gona a Summerfield ka sayo rago. Ka tara jama'a a gidan dattijonku. Namu Alhaji Maikano ne, wanda ya zo kwas ɗin masaƙa tun da daɗewa ya zauna, falonsa ya zama fadarmu. Mutum ne mai kirki, duk wanda ya sauka garin nan a kujerarsa ya fara kwana, shi ma Garzali haka. Maiɗakinsa Hajiya Turai ta yi tuwo da dambun nama. Da aka ci aka ƙoshi Alhaji ya gyara murya ya ce, “Alhamdu lillahi, yaronmu ya samu aiki.”

Garzali ya ce, “Alhaji, gwaji ne fa. Kowace safiya ana iya sallamata.”

Alhaji ya dube mu ya ce, “Kun ji kunya irin ta 'ya'yan kirki.”

Riƙe wannan da kyau. Duk abin da ɗan wasa ya faɗa game da halin da yake ciki kunya ce. Kai da kake waje ka fi shi gani.

Washegari ka sa shi a mota ka zaga da shi unguwar masu kuɗi ta Irving Park ya zaɓi gida. Ka nuna masa mai fararen ginshiƙai, ka tambaye shi wane ɗaki za a riƙa saukar baƙi. Idan ka ga yana kallon gwiwarsa, lissafin ɗakunan yake yi.

Mataki na 3: Karanta jarida da idon basira

Jarida ba za ta cika ambaton yaronku ba. Dabara ce, ɓoye shi ake yi kada abokan hamayya su farga. Ranar da sunansa ya fito a can ƙasan shafi, an rubuta shi a karkace, ka yanke wurin ka manna a jikin firij.

Ga ƙa'idar fassara. Idan Baturen ya ɓarar da bugu ɗaya a atisaye, ya tsufa, ta ƙare masa. Idan Garzali ya ɓarar, iska ce. Idan Garzali ya ci, ka fara tambayar nawa ne tikitin wasan ƙarshe na shekara. Idan Baturen ya ci, ai atisaye ne kawai, wa ke ɗaukar atisaye da muhimmanci.

Sannan ka naɗi labarin a kaset ka ba mai tafiya gida. Kada ka ƙara gishiri da kanka, hanya za ta ƙara. Namu ya bar Greensboro Garzali yana gwaji, ya isa Funtuwa yana kyaftin.

Mataki na 4: Gaishe shi kullum

A ɗakunan kwanan 'yan wasa waya ɗaya ce, a jikin bangon baranda. Ka nemi lambar. Ka kira bayan cin abincin yamma, lokacin da kowa yake son kiran iyalinsa kafin taron koci, wato mai horar da su.

Dattijo ne zai fara. Yaya gajiya, yaya zafi, yaya baƙunta, yaya Turawan, ina ƙafar. In ya kai ƙarshe ya koma farko, don gaisuwa ba ta lalacewa da maimaici. Amfanin dattijo shi ne yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya ajiye waya kafin babba ya ajiye. Mukan ji ƙartin da ke layi a bayansa suna gunaguni, wani har da dukan bango.

“Alhaji, ana kiran taro,” in ji Garzali, murya ƙasa-ƙasa.

“To madalla. Ga Malam Isiyaku zai gaishe ka.”

Malam Isiyaku yana digiri na uku a lissafi, kuma ya taɓa tsaron gida a firamare, saboda haka shi ne mai ba da shawarar fasaha. Yakan ce a riƙa bugawa da ƙarfi, kuma a tsakiya. Daga shi sai ni, daga ni sai wanda ya shigo aron gishiri. Garzali ya makara taro ba sau ɗaya ba, koci ya san sunansa tun kafin na sauran sababbi. A wannan harka samun suna da wuri abu ne mai kyau.

Mataki na 5: Je ka da ƙafarka

Wata rana zai gaya maka cewa ranar Asabar za a buɗe fili ga 'yan kallo, koci zai sa su biyun su yi ta bugu a gaban jama'a, daga nan ya yanke shawara. Zai ƙara da cewa, “Don Allah kada ku wahalar da kanku.” Koma Mataki na 2 ka duba ma'anar wannan.

Mun cika doguwar motar Alhaji, da kulolin abinci da buta da tabarma, muka yi tafiyar yini guda zuwa arewa. Ka sa babbar riga ko da zafi zai narka ka. Sauran 'yan kallo duk gajeren wando ne, dole a bambance masu ɗan wasa da masu kallo kawai.

A bakin filin za ka gane ba ku kaɗai ne masana ba. Wani jan Bature kusa da ni ya ga wani yaro ya saki ƙwallo sau ɗaya, ya ce a kore shi yau. Yaron ya cafke ta gaba, mutumin ya ce shi tun a bara ya san yaron zai zama tauraro. Na ji daɗi ƙwarai, na ga ashe ilimin ɗaya ne a ko'ina.

Garzali ya zo bakin igiyar da ta raba mu da fili. Ya rame, ya yi duhu. Da sulken kafaɗa da komai ya durƙusa ya gaishe da Alhaji, sannan ya ce, “Alhaji, abu ɗaya nake roƙo. In na tsaya zan buga, a yi shiru. Daga takun farko har ƙafata ta sami ƙwallo, idona ba ya barinta. Mai bugu in ya ɗaga kai, ƙwallo ta bi son ranta.”

Alhaji ya ce, “Wannan ai ƙaramin abu ne. Je ka, Allah ya ba da sa'a.”

Mataki na 6: Tabbatar ya san inda kuke

Rana ta buɗe, muka tashi daga inda ya bar mu muka koma inuwar wata bishiya daura da sandunan.

Aka fara. Wani ya wurgo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, wani ya cafe ya kafa ta a ƙasa, mai bugu ya doka. Baturen ya ci, Garzali ya ci. Aka ja da baya, suka sake ci. Wallahi yaron yana bugu. Ƙwallonsa takan tashi a miƙe, ta wuce sandunan da saura, har Turawan da ke kusa suka fara tambayarmu yadda ake faɗin sunansa. Aka ja can nesa, kusan tsakiyar fili. Baturen ya buga, ta gaza, ta faɗi gaban sanduna. Koci ya naɗe hannu a ƙirji ya juya wajen Garzali.

Fili ya yi tsit. Mu ma mun yi shiru kamar yadda aka roƙa. Sai dai Alhaji ya lura tun da muka canja wuri yaron bai dubi wajenmu ba, abin ya tsaya masa a rai. Ya raɗa mini, “Kada ya zaci mun tafi.”

A nan ake gane ƙwararre. Kada ka yi ihu, ihu na 'yan kallo ne, kunnen ɗan wasa ya saba da shi. Ka kira sunansa kawai, da muryar da ake kiran yaro daga zaure. Garzali ya yi taku na farko, ya yi na biyu, Alhaji ya ce, “Garzali.”

Yaron da ya tashi a Funtuwa, in babba ya kira shi wuyansa ne yake amsawa kafin tunaninsa ya iso. Muka ga hular kwano ta ɗago ta juyo. Ni da nake gaba har “na'am” ɗin na ji. Ƙwallo ta yi hagu, ta sauka cikin masu sayar da lemo.

Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya ce da mu, “Yauwa, ya gan mu.”

Aka ba su wani zagayen. Baturen ya tofar da yawu ya ci nasa. Na Garzali ya daki sanda ya dawo. Koci ya hura usur, aka kira masu gudu da ƙwallo su shiga fili.

Mataki na 7: Tarbe shi in ya dawo

A sansani ba a korar mutum da hayaniya. Da safe wani zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce koci yana nemanka, ka taho da kayan ƙungiya. Shi ke nan. Ranar Litinin aka ƙwanƙwasa wa Garzali, ranar Talata na ɗauko shi a tashar bas.

Da na hango shi zaune a kan jakarsa, takalman bugun rataye a wuya, tausayinsa ya kama ni har na kasa yi masa sannu da zuwa yadda ya kamata. Muka bi titin High Point. Da muka zo kwanar gidajenmu ya ce in wuce, a fara kai shi ya gaishe da Alhaji.

Falon a cike yake, don labari ya riga mu. Garzali ya cire takalmi ya durƙusa. Alhaji ya daɗe yana kallonsa, idonsa ya kaɗa, don shi ma abin ya yi masa ciwo matuƙa. Ya yi masa jaje, ya yi masa addu'a, ya ce wani rabon yana gaba. Sannan cikin taushin murya ya ce, “Amma Garzali, abu ɗaya ya tsaya mini. Da bakinka ka gaya mana ba a ɗaga kai. To me ya sa ka ɗaga?”

Malam Isiyaku ya shiga gyaran agogonsa. Hajiya Turai ta tashi ta shiga kicin ta kunna famfo, ba kuwa kwano ko ɗaya a wurin. Garzali ya dubi kafet ya ce, “Kuskure ne, Alhaji.”

“To, a riƙa kula.”

“In sha Allahu.”

Ka ga ke nan an rabu lafiya, kowa da mutuncinsa. Daga nan sai ka sa a zubo masa abinci, ka tabbata ya ci.

Togaciya

Mai wannan rubutu direba ne kawai a tafiyar. Ba ya ɗaukar alhakin ƙwallon da ta yi hagu, ko hukuncin koci, ko yanayin iska, ko tarbiyyar da iyayen wani suka yi masa tun kafin mu san shi. Duk wanda ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, kada ya neme ni. Mai ƙorafi ya je gidan Alhaji Maikano bayan la'asar, ya durƙusa, ya dube shi ya faɗa masa da bakinsa. Garzali, wanda abin ya fi shafa, har yau bai kai nasa ba.