Rasuwar Ɗan Akwatin "Yana Saurare Yanzu"

Da zuciya cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa masu amfani da wannan shafi rasuwar ɗan akwatin nan na gefen dama, mai suna "Yana Saurare Yanzu". Ya rasu ranar Alhamis da misalin ƙarfe goma da kwata na safe, bayan jinya ta kwana uku. Shekararsa shida a bakin aiki, kodayake ni shekara biyu da wata huɗu kacal na yi tare da shi. A yi mini afuwa idan na sa wannan sanarwa a inda bai dace ba. Na duba dandalin sau uku ban ga sashen ta'aziyya ba, shi ya sa na ajiye ta ƙarƙashin "Ƙorafe-ƙorafe".

Ga waɗanda ba su yi zamani da marigayin ba: aikin wannan shafi shi ne rubuta duk waƙar da mutum ya saurara a wayarsa, da ranar, da lokacin. Marigayin shi ne ƙaramin ma'aikaci a cikinsa. Faɗinsa bai wuce yatsu uku ba. Idan kana bibiyar wani, zai nuna maka waƙar da yake ji a daidai wannan lokaci, da wani ɗigon kore yana ƙyaftawa a gefe. Idan waƙar ta sauya sai ya ce "tilin". Iyakar maganarsa ke nan a duniya, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Marigayin mai gaskiya ne. Ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya tambayar me ya kawo ka. Yana aiki ko da data ta kusa ƙarewa, lokacin da hotuna duk sun koma toka-toka. Amma babban halinsa, wanda iyalinmu ba za su manta ba, shi ne rufin asiri: bai taɓa gaya wa wanda ake kallo cewa ana kallonsa ba.

Dole in yi bayanin wannan, kodayake ban so ba.

Ina da yaya namiji. Shekara biyu da wata huɗu da suka wuce ya bar gida bayan sun haura da Baba. Abin da ya haɗa su ba hurumin wannan sanarwa ba ne. Ya canja lambar waya, Baba kuma ya ce kada ya sake jin sunansa a gidan nan. Baba mai gyaran agogo ne, in ya faɗi magana sau ɗaya ba ya maimaitawa. Sati guda bayan tafiyar Yaya, na tuna cewa shi ne ya buɗe mini shafina da hannunsa, kuma ya sa ina bibiyar nasa don in koyi jin waƙoƙin kirki, in ji shi. Sunansa a nan "kunnen_hagu", saboda abin jin waƙa da yake sawa a kunne ɓangaren dama ya mutu tun da daɗewa, ya ƙi sayen sabo. Na buɗe. Ɗigon kore yana ƙyaftawa. Na kai wa Mama wayar a kicin, na nuna mata da yatsa. Ta daɗe tana kallo, har abin da ke kan wuta ya kama.

Tun daga ranar marigayin ya shiga aikin gidanmu. Kullum da safe, kafin in tafi makaranta, Mama za ta leƙo ɗakina tana ɗaura agogon hannu, ta ce a hankali, "Auta, me yaron nan yake ji?" Mama ungozoma ce a asibiti, kuma yadda take duba takardar majinyaci haka take duba marigayin. Ba ta san mawaƙi ko ɗaya ba, amma ta san tsarin. Idan waƙoƙi masu kiɗa da sauri suka fara ƙarfe shida da rabi, ya samu aiki ke nan. Idan aka yi shiru na awa takwas da rana, aikin ba a barin mutum ya riƙe waya, kuma wannan alama ce mai kyau. Akwai watan da ya koma jin waƙoƙin soyayya zalla. Mama ta ce, "To fa." Bayan sati biyar ya koma masu sanyi, irin waɗanda mawaƙin ke jan kalma ɗaya kamar ana cire masa haƙori. Mama ta ce, "Ta tafi. Dama ba ta dace da shi ba." Ba mu taɓa sanin ko akwai ta ba.

Baba bai san komai ba. Wannan shi ne matsayin iyali a hukumance. Sai dai teburin aikinsa na gida yana jikin bangon ɗakina, kuma na lura duk lokacin da marigayin ya ce "tilin", ƙarar ɗan sukudirebansa takan tsaya kaɗan.

Ciwon ajali ya fara ranar Litinin da safe. Ɗigon yana ƙyaftawa yadda ya saba, amma waƙar ta ƙi sauyawa. Wata ce mai sanyi ƙwarai, mai tsawon minti huɗu. Da na dawo daga makaranta tana nan. Talata tana nan. Ni da na karanta littattafai da yawa, nan take na ga ɗaki a rufe, waya a ƙasa kusa da hannun mutum, waƙa ɗaya tana ta juyawa. Ban faɗa wa Mama ba. Ashe ita ma abin da ta gani ke nan, kuma ita ta ga irinsa a zahiri. Ranar Laraba ta ɗauki hutu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta sa mayafi da takalmi ta tsaya a tsakiyar falo da jaka a hannu. Ba ta san inda za ta ba. Ta dai tsaya.

Gwaggo, yayar Baba, ta zo dubiya. Ta karɓi wayar ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Ke Auta, da duk karatunki ba ki san a kashe a kunna ba?" Na kashe na kunna. Ta ce in cire batir. Na ce wannan ba a cire mata. Ta ce, "Shi ya sa." Daga nan ta hura ramin caji sau biyu ta miƙo mini, ta ce ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Sai da yammacin Laraba na tuna akwai dandali. A nan na tarar da mutum dubu huɗu, kowa na kukan waƙarsa ta maƙale tun Litinin. Wani bawan Allah ya maƙale a kan waƙar yara da 'yarsa ta kunna, yana roƙon a goge kafin abokansa su gani. Ban taɓa jin daɗin masifar jama'a kamar ranar ba. Na fito da gudu na ce, "Mama, na kowa ne! Na kowa ya lalace!" Ta ajiye jakar, ta cire takalmi, ta ce, "To ki daina ihu, Babanki na aiki." Sannan ta shiga banɗaki ta buɗe famfo, ya daɗe yana zuba.

Alhamis da safe shafin ya dawo da sabuwar fuska, fari fat. Na duba gefen dama. Babu shi.

Marigayin ya rasu ya bar jadawalin mako, wanda aka mayar da shi can ƙasa sai an yi tafiya kafin a same shi. Ya bar maɓallin zuciya, wanda ya yi ƙiba. Ya bar hotunan mawaƙa, da a da suke da kusurwa huɗu yanzu an yanke su zagaye, har wasu sun rasa kunnuwa. Ya bar talla guda uku, dukansu cikin ƙoshin lafiya. A gurbinsa an naɗa wani babban allo mai cewa "Gano Sabbin Waƙoƙi Domin Ka", wanda ba mu da wata alaƙa ta jini da shi.

Iyali na godiya ga duk waɗanda suka nuna alhini. Muna godiya ga mai takardar koke da ta tara sa hannu dubu tara. Muna godiya ga malamin da ya sanar cewa ya bar shafin har abada, kuma yake dawowa kullum ya tabbatar mun gani. Muna godiya ga wadda ta auna farin sabon shafin da na tsohon ta kawo hujja cewa yana kashe ido. Muna godiya ga ma'aikacin shafin da ya rubuta, "Mun ji ku, ra'ayinku na da muhimmanci," sau goma sha ɗaya ba tare da ya canja ko waƙafi ba. Shi ne kuma ya bayyana mana dalilin rasuwar: wai ba daidai ba ne a riƙa kallon abin da mutum ke ji bai sani ba. Yanzu sai mutum ya shiga saituna da kansa ya danna "Bari a gani". Na yi awa guda ina neman amsar da zan ba shi. Ban samu ba, don yana da gaskiya.

Ranar Juma'a Mama ta leƙo ta yi tambayarta. Na kalli allon talla na ce, "Masu sauri ne, Mama." Asabar na sake cewa haka. Ta tsaya da agogon a hannu ta ce, "Ran Asabar? Yaron nan ba ya tashi ran Asabar sai sha ɗaya. Auta, ƙarya ba ta yi miki kyau, kunnuwanki na yin ja." Na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "To." Tun ranar ba ta sake leƙowa ba, amma ina jin takunta yana tsayawa a bakin ƙofa kafin ya wuce.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta hana ni aika wannan kwana biyu.

Zuwa ga kunnen_hagu. Na san kana karanta dandalin nan, don na ga ka sa hannu a takardar koke, kai ne na dubu biyu da ɗari uku da shida. Yaya, mun yi shekara biyu da wata huɗu muna leƙenka. Ni na fara, ni na nuna wa Mama. Idan za ka yi fushi, da ni za ka yi. Kana iya toshe ni, maɓallin yana nan a sama, sun ma ƙara masa girma. Kana kuma iya danna ɗayan, na "Bari a gani". Ba zan ce maka komai ba game da wanda ya kamata, don ka sha gaya mini ina da yawan magana a rubuce.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar mai zuwa a falon gidanmu. Ba gawa, don ba su ba mu ba. Za a ajiye wayata a kan tebur, a buɗe gefen dama, a yi shiru na minti huɗu. Gwaggo za ta yi jawabi ko ba a nema ba. Ba sai an zo da komai ba.

Da farko na sa ƙarfe biyu na rana. Amma ni ba na ganin kuskure a fuskar waya, don haka na buga wannan a takarda a laburaren makaranta don in gyara, kuma na manta ta a kan teburin cin abinci. Da na dawo na same ta a kan gadona, an ninke ta biyu daidai wa daida. Ba a taɓa ko kalma ɗaya ba sai ta lokacin zaman. An ja layi a kan "biyu" da fensirin da Baba ke rubuta wa masu agogo ranar karɓa, an rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙensa: "Motar can ba ta isowa kafin huɗu da rabi."

Ban tambaye shi can ina ba.

Saboda haka an mayar da zaman ƙarfe biyar na yamma. Ƙofar gaba tana cijewa, sai an ɗaga ta sama kaɗan sannan a tura. Wanda ya san gidan ya san haka.

Sanarwa daga Auta, a madadin iyali.