Yadda Za Ka Goge Littafin Surukinka Kuma Ka Ci Gaba da Amsa Sunan Injiniya

Idan kai ne wanda dangi ke kira duk ranar da kwamfuta ta yi gardama, alhali kai da zuciyarka kun san iyakar iliminka kashewa da kunnawa ne, to gyara zama, wannan darasi naka ne. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bi da bi, ba wanda zai gano ka da wuri. An gwada su a kan mutum mai rai, maƙwabcina, wanda gidan surukansa ke kira Injiniya. Sana'arsa ta gaskiya sayar da labule. Sunan ya samo shi ne ranar da firintar surukinsa, na'urar buga takardu, ta ƙi aiki, ya leƙa bayan tebur ya ga ba a jona ta ba, ya jona, sannan ya yi minti ashirin a durƙushe yana ƙwanƙwasa bango don kada aikin ya yi araha.

Surukin nasa, Baba, tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Tun da ya lura sunayen mutane sun fara zille masa, ya zauna gaban laftof yana rubuta tarihin gidansu da yatsa ɗaya. Shekara biyu cur, babi goma sha huɗu. Riƙe wannan lissafi, za ka buƙace shi.

Mataki na 1: Yi aikin da ba a sa ka ba

Ran Litinin Baba ya kira Injiniya don abu ɗaya tak: rubutun allo ya ƙanƙance, ba ya gani. Injiniya ya yi ta danne-danne har Allah ya taimake shi rubutun ya dawo daidai. Mai hankali a nan zai tashi ya yi sallama. Kai ba mai hankali aka ɗauke ka ba, gwani aka ɗauke ka, don haka sai ka ce abin da ya ce: "Baba, bari in ɗan share muku ita, na ga ta yi nauyi."

Baba ya tafi haɗo shayi. Injiniya ya hangi kwandon shara a kusurwar allo, cike taf. Ya danna. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata yana so ya goge abubuwan nan har abada. Ka sani, gwani ba ya karanta tambayar kwamfuta, raini ne. Ya amsa mata da e, kwandon ya yi wani ɗan ƙara kamar an murƙushe takarda, shi kuma ya jingina da kujera yana jin daɗin kansa.

Mataki na 2: Kada fuskarka ta riga bakinka magana

Baba ya dawo, ya ajiye kofuna, ya sa tabarau, ya kai kibiya kai tsaye kan kwandon ya buɗe. Fari fat.

"Injiniya, ina babi-babina?"

"Baba, a ina kuke ajiye su?"

"A nan mana. Jikokin nan babu foldar da ba su shiga ba, amma ba wanda ke buɗe shara. In zan yi rubutu in fito da shi, in na gama in mayar. Shekara biyu ko waƙafi bai taɓa ɓace mini ba."

A daidai nan za ka gane abin da ka zubar. Wannan ba laifi, muddin bai fito fili ba. Ka kurɓi shayi, ka gyaɗa kai sau uku a hankali, ka ce "Na'am, haka na zata." Injiniya ya yi hakan, har ya ƙara da ɗan murmushi.

Mataki na 3: Canja wa tsoho ɗaki

Kwamfutar gida kamar gidan haya take. Kowa da ɗakinsa, wanda ake kira akawun, kuma kayan wannan ɗaki ba a ganinsu daga wancan. Masu ilimi na amfani da wannan don tsari. Kai za ka yi amfani da shi don sayen lokaci.

Injiniya ya buɗe sabon akawun nan take, ya sa masa suna "Baba Sabo", ya shiga, ya juya wa tsohon allon. Babu komai a ciki sai hoton wani tsauni da ba wanda ya san inda yake.

"Kun gani, Baba? Na yi muku sabon wuri, mai faɗi. Kayan suna tasowa daga tsohon ɗakin, sai dai ƙaura ce, tana ɗaukar kwana uku."

Baba ya daɗe yana kallon tsaunin. "Hoton marigayiya uwar yara da ke nan fa?"

"Yana hanya, Baba."

"To Allah ya kawo su lafiya." Ya naɗe wayar caji da kansa, ya sa laftof ɗin a jaka, ya miƙa masa da hannu biyu. Wannan miƙawar ce ta fi damun Injiniya, don da tsohon ya yi faɗa da abin ya zo masa da sauƙi.

Mataki na 4: Tanadi masu laifi, aƙalla uku

Kada ka dogara da mai laifi ɗaya, yana iya samun shaida. Na farko wutar lantarki, wadda ba ta taɓa kare kanta ba. Na biyu bairos, domin ba wanda ya taɓa ganinsa ido da ido. Na uku jikoki, amma ka ajiye su sai ranar da tura ta kai bango, saboda suna da uwa, kuma uwar a gidanka take kwana.

Gargaɗi: kada ka yi wa matarka kirkin da ba ka saba ba. Nan Injiniya ya kusa tona kansa. Yana shiga gida ya kama wanke-wanke, har da goge bayan tukunya. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta harɗe hannu.

"Baban yara, me ka fasa?"

"Mutum ba zai taimaki iyalinsa ba?"

"Zai taimaka. Amma shekara tara ban taɓa ganin ka san inda soso yake ba." Ta ɗauki kofi ta duba, ta mayar masa ya sake. "Baba ya kira ni sau biyu. Wai abubuwa na zuwa masa a ka, babu inda zai zuba su, yana ta rubutawa a bayan tsofaffin ambulan kafin su gudu. Yaushe za ka mayar masa da kwamfutarsa?"

"Bairos ne," in ji Injiniya, tun ba a tambaye shi ba.

Mataki na 5: Sauke duk manhajar da ta yi maka alkawari

Washegari a shago, bayan wani labule mai ruwan toka, Injiniya ya buɗe laftof ya shiga neman yadda ake dawo da abin da aka goge. Duniya cike take da masu tausayi. Manhaja ta farko ta ce cikin minti biyar. Ta biyu ta ce cikin uku. Ya sauke shida, duk a kan kwamfutar Baba, ya haɗa da bidiyo tara na wasu samari masu saurin baki da ke bayani, don ya kalla a nutse. Ɗaya daga cikin manhajojin ta nemo masa hotunan jikoki ɗari huɗu suna gwalo. Wata ta yi awa biyu tana juya wani ɗan zobe, sannan ta taya shi murna ba tare da ta faɗi ta mece ce ba.

Wata mata ta shigo neman labulen falo, ya auna mata na banɗaki. Idan haka ta fara faruwa da kai, alama ce kana kan hanya.

Mataki na 6: Je wurin mai gyara, amma a matsayin abokin aiki

Ka zaɓi shago mai nisa da unguwar surukai. Injiniya ya samu wani a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai sayar da caja da mai ɗinkin jaka. Mai gyaran mace ce, tabarau rataye a wuya, gabanta tiren ƙananan kusoshi. Ya ajiye laftof ya ce, cikin muryar waɗanda suka san juna a sana'a, "Wani ɗan bairos ne ya cinye fayiloli. Da na yi da kaina, lokaci ne babu."

Ta kunna, ta dudduba. "Wa ya sauke waɗannan?"

"Yara."

"Malam, bari in gaya maka yadda abin yake. In ka goge fayil, ba fita yake yi ba. Sunansa kawai ake cirewa daga ƙofa, yana nan ciki a zaune har ranar da aka kawo sabon ɗan haya aka ɗora a kansa. Da an rufe kwamfutar nan an kawo mini ita a ranar, da komai ya dawo. Yaran nan naka sun zuba 'yan haya goma sha biyar, ban da sabon akawun." Ta sa tabarau ta dube shi. "Yanzu in bairos ne, wata hanya zan bi, in ɓata kwana biyu, abin da ya rage ma ya iya tafiya. In kwandon shara aka zubar, na san inda zan nufa. Ni ba surukarka ba ce. Me ka danna?"

Ƙa'idar wannan darasi ita ce ka tsaya kan bairos har ƙarshe. Injiniya ya kalli tiren kusoshi, ya tuna tsoho da ambulan, ya ce da ƙaramar murya, "Kwandon."

"Yauwa. Dawo jibi, kuma kada ka ƙara taimaka mata."

Ranar da ya koma, ta juya masa allo. Fayilolin sun dawo babu suna, sai lambobi. Goma sha ɗaya sun buɗe lafiya, da rubutun Baba da kurakuransa duka. Uku sun buɗe da wasu alamomi kamar kaji sun bi ta kan allo. Ta ce waɗannan sun tafi, ko wa ya kai wa. Ta kwafe masa sauran a filashi biyu, ta ce ya raba musu gida.

Mataki na 7: Wannan ba ya cikin tsarina

Ni matakai shida na tsara. Na bakwai Injiniya ne ya ƙara da kansa, ban ba shi shawara ba, kuma ina kawo shi ne kawai don ka san abin da za ka guje wa.

Ya gaya wa matarsa a mota, a hanyarsu ta zuwa gidan Baba.  A falon Baba ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa, ya faɗi komai: kwandon, ƙaryar ƙaura, manhajoji shida. Da ya ga abin ya zo, har maganar firinta ya fasa.

Baba ya sa tabarau. Ya jawo laftof, ya koma tsohon akawun ɗinsa, hoton marigayiya ya fito inda ya bar shi. Ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya da yatsan nan nasa, yana karanta layin farko na kowanne. Da ya kai ƙarshe ya sake bi daga sama.

"Na aikina yana nan. Na aurena yana nan." Ya cire tabarau. "Ukun farko ne babu. Na mahaifiyata. Su na fara rubutawa, don su na fi tsoron mantawa."

Injiniya ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya so a ce tsohon ya kore shi.

"Da yatsa nawa kake bugawa?" Baba ya tambaya.

"Huɗu, Baba. In na matsa, shida."

"Ni ɗaya. Tashi ka ja kujera."

Suka buɗe sabon shafi. Baba ya lumshe ido ya fara: gidan mai ƙofa biyu, rijiyar da aka hana su leƙawa, shekarar da mahaifiyarsa ta kwanta ciwo wata maƙwabciya ta goye shi wata bakwai tana kai shi ya ga uwarsa ta taga. Sai ya tsaya.

"Sunanta," ya ce. "Na rubuta shi a wancan. Har da na mijinta."

Suka jira. Matar Injiniya ta kira yayar Baba a waya, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, wadda ta ce ba wata bakwai ba ne, biyar ne, kuma rijiyar ba a nan take ba, kuma tun yana yaro haka yake da ƙari. Suka yi rabin awa suna musu, Baba har da buga hannun kujera, yana dariya. Amma sunan ita ma ya ɓace mata.

"Bar fili," in ji Baba. "Ci gaba."

Da suka tashi, tsohon ya nemi a mayar masa da babin cikin kwandon shara, inda ya saba. Injiniya ya roƙe shi da girman Allah. A ƙarshe suka shirya a kan sabuwar folda mai suna "Darasin Lissafi", wadda har yau babu jikan da ya kusance ta.

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko kwamfutarka, ko zamanka da surukai. Idan ka bi matakan ka tsira, basirarka ce. Idan aka kama ka, ban san ka ba. Kada a kawo mini ƙarar asarar ranakun Asabar, domin Injiniya ma nasa sun tafi: ƙarfe goma yake rufe shago ya tafi ɗaukar shifta, an kusa gama babi na biyu, kuma gidan ba su fasa kiransa Injiniya ba, sai dai yanzu da wata irin murya. Haka kuma ban ɗauki alhakin layi na tara a shafi na huɗu ba, inda aka rubuta "wata maƙwabciyarmu mai suna" sannan fili ya biyo baya. Duk Asabar, kafin su fara, Baba kan sa a buɗe masa wurin, ya zuba masa ido na ɗan lokaci, sannan ya ce a ci gaba.