Ranar da Auta Ta Faɗi

Jama'a, Litinin ɗin nan layi biyu na sha kafin rana ta take. Na farko a gidan mai, inda na yi ta tura babur har na iso bakin famfo aka ce mai ya ƙare. Na biyu a ƙofar Yallaɓai Uban 'Yan Wasa, Garkuwar Matasa, wanda hotonsa ke manne a kowane bango yana rungume da ƙwallo kamar an ba shi riƙon jariri.

Abin da ya kai ni shi ne gwiwar Auta, 'yata. Yarinyar nan gudu take yi, gudu na gaske, har kofuna biyu ta ciyo, kuma duk biyun suna kan teburin Yallaɓai. Tun tana shekara goma sha uku wani ƙullutu ya fito mata a ƙasan ƙoƙon gwiwa. Likita ya ce ciwon girma ne: ƙashi na tsawo, jijiya na jan sa, yawancin yara yana barinsu da sun gama girma. Mun sa ƙanƙara, mun yi hutu, mun yi gashi. Auta ta gama girma, ciwo ya ce yana nan daram. Da aka ɗauki hoto sai ga ɗan guntun ƙashi ya ɓalle ya zauna cikin jijiyar, sai an yi ƙaramar tiyata an cire shi. Aikin ya fi ƙarfina, amma ai Yallaɓai ya rantse a gaban lasifika cewa duk ɗan wasan da bai kai sha takwas ba, lafiyarsa na wuyansa. Auta kuwa saura mata sati biyar ta cika.

Ban ga Yallaɓai ba, an ce ya tafi ƙasar waje koyo yadda ake kula da 'yan wasa, Allah ya ƙara ilimi. Magatakardansa Mai Hatimi na samu, yana ɓare gyaɗa a kan fayil. Ya miƙo min fom.

"Cika nan. Ranar da ta faɗi, inda ta faɗi, da shaidu biyu."

"Ranka ya daɗe, ba ta faɗi ba. Girma ne ya jawo."

"To mu muka sa ta girma?"

Na nuna masa hoton ƙashin. Ya ɗaga shi sama ya duba a juye, ya yaba kyan hoton, ya ce fom bai san girma ba, rauni ya sani. Kuma gaskiya tsarin ya burge ni. Yaro ya girma ba da izinin hukuma ba, sannan a zo a ɗora wa hukuma?

Da yamma na ba maƙwabcina tela labari. Ko ɗaga kai daga keken ɗinki bai yi ba.

"Kai dai ka cika wahalar da kanka. Ta faɗi mana."

"Ta faɗi yaya?"

"Kamar yadda ɗan ƙanwata ya faɗi bara. Ka kai ta fili, koci ya tsaya, mai shara ya tsaya. Shaidu biyu ke nan."

Na shiga gida raina a jagule. Ni da na reni yarana a kan ko alli suka tsinta su mayar wa malami. Uwar Auta ta ce, "Malam, gaskiyarka ba za ta cire ƙashin nan ba." Auta kuwa ta ce, "Baba, shekara biyar ina gudu ban taɓa faɗuwa ba." Wallahi maganar ta soke ni.

Laraba muka je fili. Koci ya tsaya da biro, mai shara ya jingina tsintsiyarsa. Auta ta taso a guje, ta iso inda aka shata mata, ƙafafunta suka ƙi, ta wuce. Sau uku tana wucewa. Ƙarshe ni, da furfurata, na kwanta rub da ciki na nuna mata yadda ake yi, mai shara yana gyara min hannu. A na huɗu ta faɗi. Ta daɗe a ƙasa tana kuka, kuma na san ba gwiwar ce ke mata ciwo ba. Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga ta, sai koci ne ya ɗaga.

Alhamis Mai Hatimi ya karanta fom, ya hura hatimi, ya buga tim. An sa ranar tiyata, kwana tara kafin ta cika sha takwas. Ya dube ni ta saman tabarau ya girgiza kai.

"Ka gani? Da tun farko ka faɗi gaskiya, da ba ka wahalar da yarinya ba."

Na ce na gode, ranka ya daɗe, za a kiyaye. Ku kuma masu yara a gida, in kun ga sun fara tsawo, ku tanadi shaidu tun yanzu.