Yadda Za Ka Ziyarci Jirgin Da Ya Nutse Ba Tare Da Ruwa Ya Wuce Cibiyarka Ba

Ɗan'uwa, zauna ka kwantar da hankalinka. Idan ka bi matakan nan a tsanake, na yi maka alkawari za ka je Bahar Maliya, ka ziyarci jirgin da ya nutse, ka dawo Alƙahira da sunan gwanin nutso, alhali ko kafaɗarka ba ta jiƙe ba. An gwada hanyar a kan ɗalibina Harun, kuma yana nan da rai.

Harun ɗan Yauri ne. Shekara uku abokan zamansa a unguwar Faisal ta Alƙahira suna kiransa Sarkin Ruwa don garinsu na bakin kogi, shi kuma bai gyara musu ba, saboda duk ranar da aka dafa kifi, Sarki ake ajiye wa kai. Ba su san cewa tun yana ƙarami Inna ta sa ya yi alkawari ruwa ba zai wuce cibiyarsa ba, kuma ya riƙe. Sai Munzir, maƙwabcinsu Bahaushen Sudan, ya shirya musu tafiya ganin jirgin, ya ce Sarki ne zai shige gaba.

1. Ka yi atisaye a gida

Cika bokiti, tsoma fuska, ƙirga huɗu. Kada ka damu da alkawari. Harun ya duba mas'alar da kyau, ya gano cewa ruwan bai wuce cibiya ba, tsallake ta ya yi. Idan an ɗauke ruwa a unguwa, yi da busasshen bokiti. Niyya ita ce babba.

2. Ka raina tekun tun a mota

Cikin ladabi. Ka ce ruwan gishiri shi ke ɗaukar mutum, a kogin garinku kuwa mutum ke ɗaukar kansa. Sannan ka yi barci, kada a yi maka tambaya.

3. Ka karɓi kaya da fara'a

A kwalekwale, kyaftin zai ba ka rigar roba, takalman agwagwa, gilashin fuska da bututun numfashi. Idan ya ce ka tofa yawu a gilashin, ka tofa, ba raini ba ne, don kada ya yi hazo ne. Tukunyar iska kuwa ka bar wa Munzir, ka ce ta masu koyo ce. Harun ya tambaya a asirce ko rigar tana iya ɗaga cibiya sama kaɗan. Ba ta iyawa.

4. Ka san darajar babban yatsa

Wannan matakin shi ne jigon darasin, don haka a hankali. A titin Faisal, ɗaga babban yatsa na nufin tamam, wato komai lafiya. A wurin masu nutso yana nufin a fitar da ni. Ka sauka tsani, da ruwa ya kai cinya ka ɗaga yatsa kana murmushi. Kyaftin zai jawo ka sama. Ka ɓata rai kaɗan, ka ce ai tamam kake cewa, zai ce ma'alish, wato ka yi haƙuri. Sau uku Harun ya yi. A na huɗu kyaftin ya riƙe masa yatsan, ya sauke shi cikin ruwa.

5. Ka nemi rufi

Alherin jirgin da bai nutse da zurfi ba shi ne rufin ɗakin matuƙi yana dab da saman ruwa. Nan ƙafar Harun ta sauka, ruwa ya tsaya yatsa biyu ƙasa da cibiya. Ka tsaya kamar yadda ya tsaya, ka binciki jirgin da tafin ƙafa. Munzir zai riƙa ɓullowa yana labarin kifaye masu ratsi da suka tare a ɗakin girki. Ka gyaɗa kai, ka ce kana jin su. Idan ya ce yalla, maza ka sauko, ka gaya masa a Yauri sarki ba ya nutso alhali mutanensa suna ƙasa.

Sai dai teku tana cika, kuma ba ta sallama. Harun ya yi ɗage da yatsun ƙafa, ya hau wani ƙarfe mai tsatsa, ya shanye ciki, ya tsaya haka minti arba'in. Ya fito da alkawarinsa da sarautarsa, har aka tafa masa.

6. Kada ka kira Inna

Da Harun ya tsaya nan, da mun gama. Amma daɗi ya kwashe shi, ya kira ta a bidiyo daga kwalekwale, abokai sun kewaye shi suna gaishe ta. Ya nuna mata tekun, ya ce mata a hankali bai saɓa ba, ruwan daidai cibiya ya tsaya. Inna ta tambaya wane alkawari. Ya tuna mata.

"Kai Haruna," in ji ta, "wannan ai lokacin kana shekara biyar ne, kana fama da tari. Kana nufin har yau ba ka iya iyo ba? Khairat ƙanwarka ma tsallake kogi take yi."

Munzir ya matso, ya gaishe ta da girmamawa, ya roƙe ta ta maimaita don layin ya ɗan yanke. Ta maimaita.

Yanzu wutsiyar kifi ake ba Harun, kuma Sarkin Cibiya ake kiransa. Duk Asabar yana zuwa wani wurin koyon iyo a unguwar Ma'adi. Makon jiya ruwa ya kai masa ƙirji, ya ce ba laifi.

A ƙarshe, ɗan'uwa, babu hannuna a tsatsa, ko ƙaya a tafin ƙafa, ko fushin kyaftin, ko sarautar da ta salwanta. Wanda ya bi matakan nan, shi ya bi. Kafin ka hau mota dai, ka kira mahaifiyarka kai kaɗai, ka tambaye ta ko alkawarinka yana da ranar ƙarewa.